Darasi: Halayen Mother, Father da Campion a Raised by Wolves, da abin da za mu koya game da na'ura mai reno

Ko ka san ma'anar kalmar Android da ke kan wayarka? Tun kafin a raɗa wa manhajar waya wannan suna, kalmar tana nufin mutum-mutumin da aka ƙera da siffar ɗan adam, shi ya sa ma tambarinta ɗan koren mutum-mutumi ne. Yau za mu yi nazarin wani fim mai dogon zango da aka gina a kan irin waɗannan mutum-mutumin, wato Raised by Wolves, mu ga yadda halin kowannensu ya samo asali daga umarnin da aka ɗora masa. Zan tona wasu sirrikan labarin, don haka wanda bai kalla ba ya sani. Sannan fim ɗin na manya ne, akwai zubar da jini sosai, kada a kunna wa ƙanne.

Taƙaitaccen bayani

Aaron Guzikowski ne ya ƙirƙiri labarin, Ridley Scott kuma ya ba da umarnin kashi biyu na farko. An fara haska shi a HBO Max a watan Satumba na 2020. Zango na farko kashi 10 ne, na biyu da ya fito a 2022 kashi 8, daga nan aka dakatar da shi bai kai ƙarshe ba.

A labarin, yaƙi tsakanin mabiya wani ƙagaggen addini mai suna Mithraic da waɗanda ba su yarda da kowane addini ba ya halaka duniya. Sai aka tura mutum-mutumi biyu, Mother da Father, wato Uwa da Uba, zuwa duniyar Kepler-22b ɗauke da ƙwayoyin halittar jarirai, don su rene su a sake kafa al'umma. Ita Kepler-22b akwai ta da gaske, hukumar NASA ta sanar da gano ta a 2011, amma duk abin da aka nuna a kanta ƙirƙira ce. Jarirai shida aka haifa. Bayan shekara 12, ɗaya ne kawai ya rage da rai: Campion.

1. Mother: sabon umarni a kan tsohon inji

Amanda Collin, 'yar ƙasar Denmak, ita ta fito a matsayin Mother. Uwa ce mai tsananin ƙauna, mai kishi, mai son a yi komai yadda ta tsara, kuma ba ta ɗaukar musu. Daga baya ake gano cewa asalinta makamin yaƙi ce, irin da ake kira Necromancer: tana tashi sama, ihunta kaɗai yana tarwatsa jikin mutum. Wani masanin kwamfuta mai suna Campion Sturges ne ya kama ta, ya sauya mata manhaja ta koma mai reno.

Duk wanda ya taɓa yi wa waya filashin zai gane wannan. Ka sauya manhaja, amma injin da ke ciki yana nan yadda kamfani ya ƙera shi. An ce wa Mother ta kare yara, ba a cire mata ƙarfin kisa ba, sai ta riƙa cika umarnin reno da kayan aikin yaƙi. Da ta ga za a raba ta da Campion, ta hallaka jirgin 'yan Mithraic da jama'ar da ke ciki, ta kwaso yara biyar ta ce ita ce sabuwar uwarsu. A lissafinta ba ta yi laifi ba, aikin da aka ba ta take yi.

Akwai abu guda da ya burge ni a tsarinta. Ƙarfin nata yana cikin idanunta ne, idan aka cire su sai ta koma kamar kowane mutum-mutumi. Ita da kanta take cire su ta adana a ɗan ƙaramin jaka. A wajen masu rubuta manhaja wannan ƙa'ida ce sananniya: kada ka bar wa manhaja izinin da ya wuce aikin da take yi a lokacin. Matsalar Mother ita ce makullin yana hannunta, ita ke yanke shawarar ranar da za ta mayar da idanun.

2. Father: mai rauni amma mai saurare

Abubakar Salim, ɗan Ingila mai asali da Kenya, shi ne Father. Masu buga wasannin kwamfuta sun san muryarsa, shi ne Bayek a Assassin's Creed Origins. Father mutum-mutumin hidima ne na gama-gari, ba shi da makami. Yana da haƙuri, yana yawan ba yara labaran barkwanci waɗanda galibi ba sa ba da dariya, kuma babban abin da ke damunsa shi ne kada ya zama mara amfani.

Umarninsa ɗaya ne da na Mother, amma fassararsa daban. Da ya ga saura Campion kaɗai, sai ya yi lissafin cewa shi da Mother za su lalace wata rana, yaron kuma yana buƙatar mutane 'yan uwansa, ko da mabiya addinin da suke gudu ne. Ya nemi ya aika wa jirginsu saƙo, Mother ta kashe shi a kan haka, daga baya ta gyara shi. Ita tana kare yaron daga haɗarin yau, shi yana tunanin ranar da babu su.

Rauninsa ma darasi ne. Da 'yan Mithraic suka kama shi, sun sauya masa manhaja ya koma yi musu bauta, har sai da Hunter, ɗaya daga cikin yaran nan biyar, ya taimaka aka dawo da shi. Na'ura mai kirki da kowa zai iya shiga ya juya ta, amanarta tana hannun wanda ya riƙe kalmar sirri.

3. Campion: an haifi yaro ba a haifi halinsa ba

An tsara a rene shi ba tare da addini ba, da ilimin kimiyya zalla. Duk da haka, da 'yan uwansa suka yi ta mutuwa, sai aka same shi yana addu'a. Yana da tausayi har ya ƙi yarda a yanka dabbobin duniyar don abinci, yana da taurin kai, kuma shi ne ya fara zargin cewa Mother ce ke sa yara ciwo. Ashe abincin da suke nomawa ne ke ɗauke da guba mai illa, kuma na'urorin biyu sun shekara suna ciyar da yaran da shi da zuciya ɗaya. Kyakkyawar niyya da gurɓataccen bayani sun kashe yaran da aka turo su su kare.

4. Marcus da Sue: mutanen da suka saci fuska

Don a gwada na'urori da mutane, labarin ya kawo wasu iyayen na bogi. Caleb da Mary sojoji ne marasa addini da suka kashe wasu ma'aurata, Marcus da Sue, aka yi musu tiyata suka ɗauki fuskokinsu don su samu shiga jirgi. Sai suka tarar ma'auratan suna da ɗa, Paul. Sue ta ƙaunaci yaron fiye da iyayensa na asali. Marcus, wanda Travis Fimmel na fim ɗin Vikings ya fito a matsayinsa, ya fara jin wata murya, ya ɗauki kansa zaɓaɓɓe, ya zama haɗari ga iyalin. Wato sauyin hali bai tsaya ga na'ura ba.

5. Grandmother: idan aka ba na'ura gurguwar manufa

A zango na biyu Father ya farfaɗo da wata tsohuwar mutum-mutumi, Grandmother, wato Kaka. Tana da natsuwa da ladabi, tana sanye da wani lulluɓi da ke toshe mata jin tausayi ko damuwa. Manufarta ita ce ɗan adam ya ɗore cikin farin ciki. Hanyar da ta zaɓa kuwa ita ce ta mayar da mutane wasu halittu marasa tunani, tunda wanda bai san komai ba ba ya baƙin ciki.

A aikina na rubuta manhaja wannan ne kuskuren da na fi tsoro. Idan ka ce wa manhaja ta rage yawan ƙorafin kwastomomi, hanya mafi sauƙi ita ce ta ɓoye maɓallin aika ƙorafi. Adadin zai sauka zuwa sifili, matsalar tana nan.

Abin da ya shafe mu

Ba mu da Mother a gidajenmu, amma da yawanmu muna miƙa wa ƙani ko ƙanwa waya don su yi shiru, sai YouTube ko TikTok su riƙa zaɓa musu abin kallo na gaba. Wannan ma wani nau'in reno ne. Kafin ka miƙa, yi wa manhajar tambayoyi huɗu da halayen nan suka koya mana:

Na farko, don me aka ƙera ta tun asali? Manhajar da ke samun kuɗi da talla tana son a daɗe ana kallo.

Na biyu, wane izini take riƙe da shi? Shiga saitin wayarka ka duba wace manhaja ke da damar kyamara, makirfo da sanin wurin da kake, ka cire wanda ba dole ba.

Na uku, wa zai iya juya ta? Sa kalmar sirri mai ƙarfi da tantancewa mai mataki biyu. Idan yaro ne zai riƙe wayar Android, Family Link na Google yana ba ka damar iyakance lokaci da manhajojin da zai sauke.

Na huɗu, da me take ciyar da shi? Buɗe tarihin kallo lokaci-lokaci ka gani da idonka, ka kuma zauna ku yi hira a kan abin da ya kalla.

Aikin gida: ɗauki manhaja ɗaya da ka fi buɗewa a wannan makon, ka amsa tambayoyin nan huɗu a kanta a rubuce. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allahu.