Amsoshin Tambayoyinku: Yaya da Ƙanwa a Gidajen 'Yan Mekziko

Tambaya: Na ji an ce a gidajen 'yan asalin Mekziko da ke zaune a Amurka, yaya ta fi uwa tasiri a kan abin da yarinya ke sani game da jikinta da sha'anin haihuwa. Da gaske ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma sai mun leƙa cikin gidan kafin mu gane dalili.

Iyaye da yawa sun ƙetara zuwa Amurka ne da girmansu. Uwa tana aikin shara ko na gona, uba yana wajen gini, ba sa dawowa sai dare. Sifaniyanci suke ji, yaran kuwa a makaranta suka koyi Turanci. Saboda haka babbar 'ya ce ke karanta takardar asibiti, ita ke yi wa uwa tafinta a gaban likita, ita ke tsare ƙanne. Ga kuma nauyin baki: uwar da ta tashi a ƙauyen 'yan Katolika, inda ba a tada zancen jinin al'ada a fili, sau da yawa iyakarta ta ce wa 'yarta "ki kula da kanki". Mu da muka san alkunya tsakanin uwa da 'ya, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. To, ranar da yarinya ta fara ganin jini, ɗakin wa za ta nufa? Na yayarta, wadda galibi ma ɗaki ɗaya suke kwana.

Sai dai tasirin kaifi biyu gare shi. Patricia East ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ta shafe shekaru tana bibiyar irin waɗannan iyalai, kuma ta gano cewa ƙanwar yarinyar da ta haihu da ƙuruciya ta fi sa'o'inta shiga haɗarin ɗaukar ciki da wuri. Kada a ɗauka kwaikwayo ne kawai. Da zarar jariri ya shigo gida, hankalin uwa ya koma kan jika, sa idon da ake yi wa ƙanana ya ragu. Ƙanwa kuma ta zama mai raino: ta dawo daga makaranta, ta ajiye jaka, ta karɓi jariri, aikin gida na malami yana jira. Wannan ɓangaren ya fi taɓa ni, domin ba wanda ya tambayi yarinyar ko ta yarda.

Saboda wannan haɗarin ne a 1996 jihar Kalifoniya ta buɗe shiri na musamman domin ƙannen matasan da suka haihu, ana taimaka musu da karatu da shawara. Da aka auna, 'yan matan da suka shiga shirin ba su kai sa'o'insu da ba su shiga ba ɗaukar ciki ba.

Ɗaya kaifin kuwa alheri ne. Yayar da ta kammala sakandare ta shiga kwaleji takan share wa ƙanwa hanya, ta gaya mata abin da uwa ta kasa furtawa, har ta raka ta asibiti. Wadda ta haihu da wuri ma takan zaunar da ƙanwarta ta ce kada ta bi sawunta. Yayye maza sun fi karkata ga tsaro: ina za ki, da wa, yaushe za ki dawo. Tsaron yakan yi amfani, amma ba kasafai yake zuwa da bayani ba, shi ya sa idan tambaya ta taso, wajen yaya mace yarinya ke komawa.