Darasi na Bakwai: Dalilan da Ke Jagorantar Malami Mai Aiki Wajen Zaɓen Jami'a

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tsayar da takardar NCE a matsayin mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa a Nijeriya. A tsarin aikin gwamnati, mai NCE kan fara daga mataki na 07, mai digiri kuwa daga mataki na 08. Wannan ya sa malamai da dama ke komawa jami'a bayan sun kama aiki. Sai dai malamin da ke bakin aiki yana da ajin da yake koyarwa da iyalin da yake ciyarwa, don haka zaɓensa ya sha bamban da na yaron da ya gama sakandare. Wannan darasi zai yi bayanin muhimman dalilan da ke jagorantar wannan zaɓe.

2.0 Dalilan Zaɓe

2.1 Amincewar Hukuma

Wannan shi ne tushen duk sauran dalilai. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke tantance jami'o'i da kowane kwas da suke koyarwa. Yana yiwuwa jami'a ta samu amincewa alhali wani kwas nata bai samu ba, saboda haka wajibi ne a binciki kwas ɗin kansa. A watan Janairun 2024, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin jami'o'in Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Malamin da ya bi gajeriyar hanya irin wannan na iya yin asarar kuɗinsa da mutuncinsa, har ma da aikinsa. Haka kuma, Hukumar Rijistar Malamai, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, tana duba ingancin takarda kafin ta yi wa malami rijista.

2.2 Tsarin Lokacin Karatu

Hanyoyi uku suka fi shahara. Ta farko ita ce karatun cikakken lokaci, inda mai NCE ke shiga aji biyu kai-tsaye ta hannun JAMB, ya kammala cikin shekara uku. Wannan na buƙatar hutun ƙaro ilimi, wanda ba kowa ke samu ba. Ta biyu ita ce karatun lokacin dogon hutu, wanda ya fi ɗaukar shekaru, amma malami ba ya barin ajinsa. Ta uku ita ce karatu daga nesa, irin na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976. Kowace hanya aka bi, ya kamata a nemi rubutaccen izinin ma'aikata ko hukumar SUBEB tun da farko, domin wanda ya yi karatu ba da izini ba kan sha wahala wajen neman ƙarin girma.

2.3 Kuɗi da Nisa

Kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kawai na ɗawainiya. Akwai kuɗin mota da na masauki da na littattafai, ga kuma na data ga mai karatu ta intanet. Sau da yawa jami'a mai araha da ke nesa kan fi ta kusa cin kuɗi. Nisa ya fi yi wa malamai mata nauyi, musamman masu goyo. Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri tare da NCE ta ƙara kusanto da karatu ga irin waɗannan malamai.

2.4 Fannin Ƙwarewa

Wanda ya karanta Hausa a matakin NCE zai fi cin moriya idan ya ɗora digirinsa a kan Hausa da Ilimi, a jami'ar da ke da ƙwararrun malamai a fannin. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato sun daɗe da yin fice a nazarin Hausa.

2.5 Tsayuwar Jadawali

A 2022, yajin aikin ƙungiyar ASUU ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Malamin da aka ƙayyade wa shekarun hutunsa kan shiga tsaka mai wuya idan hutun ya ƙare bai kammala ba.

3.0 Kammalawa

Dalilan nan ba nauyi ɗaya gare su ba. Ana iya jure wa tsada da nisa, amma digirin da hukuma ba ta amince da shi ba ba shi da magani. Hausawa sun ce kowa ya yi ta haƙuri shi ke dafa dutse, don haka gara doguwar hanya mai ɓullewa.

4.0 Auna Fahimta

1. Bambanta amincewa da jami'a da amincewa da kwas.
2. Kwatanta hanyoyin karatu uku da aka ambata.
3. Wace hanya ta fi dacewa da malamar firamare mai goyo a ƙauye? Kawo hujjoji.