Yadda Ake Wakiltar Ƙungiya a Bikin Cikar Shekarun 'Yar'uwarta a Kumagannam

Idan takardar gayyata ta iso muku Nguru ko Gashuwa daga wata ƙungiyar agaji ta Kumagannam, wadda kuka saba haɗa hannu da ita wajen rabon abincin azumi ko gyaran famfon tuƙa-tuƙa, tana sanar da cikarta shekara goma, kada a jefa ta cikin durowa. Zumunta a ƙafa take. Sai dai wanda aka tura da sunan ƙungiya, aiki ya tafi yi, ba cin shinkafa ba.

Da farko a karanta takardar a zaman ƙungiya, a fitar da wakilai. Mutum uku sun isa: shugaba ko mataimakinsa, ma'aji, da mace ɗaya. Ita macen ba don cika lissafi ba ce. A irin wannan taro rumfar mata daban take, kuma a can iyayen marayu da zawarawa suke, su ne suka san ko tallafin yana isa gida ko a hanya yake maƙalewa. In da hali, cikin ukun a sami mai jin Kanuri ko Fulatanci. Kumagannam tana ƙaramar hukumar Yusufari, ƙasar Mangawa. Kowa na jin Hausa a kasuwa, amma dattijon da aka gaishe shi da harshensa ya fi sakin jiki.

Na biyu, kuma nan ne ake yawan jin kunya: gudunmawa. A yanke ta tun a gida, a rubuta a littafin taro, kuɗin kuma ya shiga hannun ma'aji. Duk wanda ya saba zuwa ƙaddamar da kalanda ko asusun neman taimako ya san yadda abin yake. Mai gabatarwa ya riƙe lasifika yana koɗa baƙo, wani ya ce dubu ɗari biyu, aka yi kabbara, sai na kusa da shi ya ji ba zai iya faɗin abin da ya gaza haka ba. Bayan wata shida sakataren masu biki yana ta buga waya, ba a ɗauka. A ganina dubu ashirin a ambulan ta fi rabin miliyan ta baka. Gara ma a kira sakatarensu mako guda kafin ranar, a tambaye shi abin da ya fi damunsu. Wataƙila buhun gero ne, wataƙila littattafan rubutu na 'yan firamare, wataƙila dashen dogonyaro, tunda yankin Yusufari yana fama da rairayin da ke cinye gonaki. In ta banki za a tura, a tura zuwa asusun da ke ɗauke da sunan ƙungiyar, ba na shugabanta ba, a kuma karɓi rasit.

Na uku, hanya. A fita bayan sallar asuba. A tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon, domin labarinsu ya fi na kowa sabunta. A ɗauki jarkar ruwa, safayar taya mai iska, da tsabar kuɗi a aljihu, saboda sabis ɗin waya yakan ɗauke. Da bazara zafi kan haura digiri 40, da hunturu kuwa ƙura ce za ta mayar da farar shadda ja, don haka babbar riga ta zauna a jaka sai an isa.

Da isa, kada a zarce filin taro. A nemi masu masauki su yi jagora zuwa gaisuwa wurin hakimi ko lawanin gari. A cire takalmi, a durƙusa, "Ranka ya daɗe, mun zo taya 'yan'uwanmu murna." A filin kuma a zauna inda aka nuna, domin wanda ya kai kansa teburin manya yakan tashi da an ce ga wakilin sarki.

Sai jawabi. Minti uku ya wadatar. A yi sallama, a gaishe da uban taro da malamai, ba tare da tsallake wakilan tsofaffin ƙungiyoyi ba in suna wurin, irin su Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, ko FOMWAN ta mata Musulmi da ta fara a 1985. Daga nan a ambaci aiki guda da aka yi tare, da ƙauyen da shekarar. A miƙa gudunmawa, a zauna. Siyasa ta tsaya a waje, ko da ɗan takara ne ya biya kuɗin rumfa. Haka kuma kada a ɗauki hoton maraya yana karɓar leda a ɗora a Facebook. Yaron zai girma, hoton yana nan.

Babban aikin yana bayan azahar, lokacin da manyan baƙi suka watse ana naɗe tabarmi. A ja sakatarensu da ma'ajinsu gefe. Yaya suke karɓar kuɗin wata-wata har mambobi ba su gaji ba? Wa ke duba littafin kuɗi? Ƙungiyar da ta rayu shekara goma a ƙauye ba tare da tallafin ƙasashen waje ba ta san wani abu da ya kamata ku koya. A nemi ganin rijiya ko aji guda da suka gyara, a kuma tsayar da ranar zama na gaba kafin a yi sallama.

A kama hanya tun kafin la'asar sakaliya, don kada magariba ta riske ku a daji. A zaman ƙungiya na gaba ma'aji ya gabatar da rasit, ita kuma wakiliyar mata a ba ta dama ta faɗi abin da ta jiyo a rumfarsu, sannan sakatare ya rubuta wa masu biki wasiƙar godiya, da ranar da aka tsayar a cikinta.