Ku Fito da Hoton Daga Waya, Ku Kai wa Tsohuwa

'Ya'yana, wayar kowannenku cike take da hotuna: na suna, na biki, na Sallah, na ranar da ƙaninku ya yi saukar Alƙur'ani. Kakarku kuwa ba ta da ko ɗaya. In kun je gaishe ta sai ku miƙa mata waya, ta ƙura ido, kafin ta gama tantance fuskoki hasken ya ɗauke, kun karɓe abinku kun jefa aljihu. Abin nan yana damuna ƙwarai. Ina so wannan karon, in za ku yi mata tsaraba, ku haɗa da aikin hannunku: ɗan firam na hoto mai maganaɗisu a baya, wanda za ta manna a jikin ƙarfe ta riƙa kallo safe da yamma.

Aikin ba ya cin kuɗi. Kwali mai kauri ya isa, sai almakashi da gam da guntun atamfa ko shadda, irin wanda tela ke sharewa da yamma. Ku yanki kwali biyu daidai da juna, ku huda taga a tsakiyar ɗaya, ku lulluɓe shi da ƙyallen. Hoton da masu wanke hoto suka fi fitarwa inci 4 ne da 6, wato kusan santimita 10 da 15, don haka tagar ta ɗan gaza haka, kada hoton ya faɗo. Ku manne gefe uku, ku bar na sama a buɗe, domin in jaririn da ke hoton ya soma tafiya a zare tsohon hoto a zura sabo.

Wajen maganaɗisu nake so ku natsu. Na cikin robar ƙofar tsohon firij ba shi da ƙarfi sosai, amma zai riƙe firam marar nauyi. Akwai kuma ƙananan nan masu sheƙi kamar maɓalli, waɗanda kamfanin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. Ƙarfinsu ya fi girmansu nesa ba kusa ba, haɗarinsu ma daga nan yake. Yaro in ya haɗiyi biyu, sukan kamo juna ta cikin hanji har su huda shi, sai an yi masa tiyata. Gidan tsohuwa kuwa ba ya rabuwa da jikoki masu rarrafe. Saboda haka kada ku liƙa maganaɗisun a fili. Ku binne shi tsakanin kwali da ƙyalle, ku bar gam ya kwana, ku gwada ɓamɓarewa da farce kafin ku ba da shi.

Ku kuma san inda za a manna shi. Maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko katako ko gilashi. In babu firij a gidan, ƙofar ƙarfe ta ɗaki ko akwatin ƙarfe ya wadatar, muddin rana ba ta dukan wurin, domin zafi na sassauta gam, haske kuma na kashe launin hoto. Hayaƙin madafa ma ba ya ƙyale shi.

Zaɓen hoton shi ne zuciyar kyautar. Kada ku ɗauko wanda waya ta goge muku fuska har kuka koma wasu mutane. Ita jikanta take nema, da giɓinsa da tabon goshinsa. Ku zaɓi wanda fuskoki suka fito manya, don idon tsufa ba ya ganin taron mutum ashirin a tafin hannu. A bayan hoton ku rubuta sunaye da wuri da shekara, da boko ko da ajami, yadda wani na gidan zai iya karanta mata. In da matar wani a ciki, ku nemi izini tukuna. Kun kuma san akwai gidajen da ba a kafa hoton mai rai saboda fahimtarsu ta addini. Kada ku yi musu da kowa a kan haka. A irin wannan gida ku sa hoton gidan gado, ko gonar gida, ko kukar bakin gari, musamman ga wanda ya daɗe a baƙon wuri.

In yankan ya ɗan karkace, kada kunya ta sa ku jefar ku sayo na kanti. Ba layin almakashi za ta duba ba. Kada kuma ku ba direba saƙo. Ku kai da ƙafarku, ku durƙusa ku gaishe ta, ku manna mata shi daidai tsayin idonta in tana zaune, ku faɗa mata sunan kowa ɗaya bayan ɗaya. Kafin Sallar nan, don Allah kowannenku ya zaɓi hoto ɗaya ya kai a wanke. Allah ya yi muku albarka.