Darasin Adabi: Idan Mugun Ne Ke Ba Da Labarin

 Darasinmu na wannan mako ya shafi wani nau'in ƙagaggen labari mai ban tsoro, wanda mai aikata ɓarnar, yaro ko matashi mai rikitacciyar zuciya, shi ne ke ba da labarin da bakinsa.

A tatsuniyoyin da kakanninmu ke yi mana, muna tare da yarinyar da Dodo ya tsare a bakin rafi, muna fatan ta tsira. A wannan nau'in kuwa, marubuci yakan zaunar da mu cikin zuciyar Dodon. Duk abin da muka gani, da idonsa muka gan shi.

Misalai uku

A 1843 marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya fitar da gajeren labarinsa The Tell-Tale Heart. Mai ba da labarin ya kashe wani tsoho don kawai ya tsani idon tsohon, ya ɓoye gawar a ƙarƙashin katakon ɗaki. Tun daga farko yake ta nanata cewa shi hankalinsa lau, kuma nanatawar ce ke sa mu gane ba lau ba. Da 'yan sanda suka zo, sai ya riƙa jin bugun zuciya daga ƙarƙashin katakon, har ya tona asirin kansa.

A 1962 Shirley Jackson, ita ma 'yar Amurka, ta wallafa We Have Always Lived in the Castle. Merricat, 'yar shekara 18, ita ke magana, har mu fara tausaya mata. Sai can gaba mu gane ita ce ta zuba guba a sukari tana shekara 12, ta hallaka mutum huɗu na gidansu.

A gida muna da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun littattafan Hausa na farko a shekarun 1930. Ba Kyauta ne ke ba da labarin ba, amma mun ga yadda gabar Abubakar da Malam Shaihu a kan Zainab ta mai da yaron ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba.

Daga ina tsoron ke fitowa?

Na farko, mugu ba ya ganin kansa mugu. Kullum yana da hujja: an raina shi, an cuce shi, an ƙwace masa.

Na biyu, akwai tazara tsakanin abin da yake faɗa da abin da mai karatu ke ganewa. Saboda haka ba a karanta irin wannan labari da yarda. Mu riƙa tambaya: me ya ɓoye? Me ya tsallake?

Na uku, sanyin murya. Yaron da ke ba da labarin kisa kamar yana lissafa abin da ya sayo a kasuwa ya fi kowane aljani ban tsoro.

Me ya shafe mu?

Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum ba a littafi muka koyi tsoro ba. Hare-haren watan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba su bar zukata ba, kuma wasu masu riƙe da bindiga a daji sa'o'inmu ne. Rubutu daga bakin irin wannan yaro zai iya nuna mana ranar da ya fara karkata, da wanda ya ja shi, da wanda ya gani ya yi shiru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma alƙalami ma yana yanka. Wanda zai gwada ya kiyaye waɗannan:

1. Fahimtar mugu daban, wanke shi daban. Kada ya fito gwarzo.
2. Waɗanda ya cuta su zama mutane masu suna da iyali, ba adadi kawai ba.
3. Kada a saka sunan wani mutum ko gida na gaske.
4. Kada a yi bayanin yadda ake aikata ɓarnar dalla-dalla.
5. A tuna, cikin masu tsayawa gaban wannan allo akwai marayu.

Aikin mako: a rubuta shafi ɗaya daga bakin yaron da ya saci akuyar maƙwabcinsu, yana ƙoƙarin gamsar da mu cewa bai yi laifi ba, amma mai karatu ya gano shi. A miƙa wa malamin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa uku mafi kyau a nan.