Isnadi a Zamanin Wayar Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, malaman Hadisi sun kafa wata ƙa'ida wadda ake kira isnadi, watau jerin mutanen da suka ɗauko magana, wani daga bakin wani, har zuwa tushenta. Imamu Muslim, wanda ya rasu a shekara ta 261 bayan Hijira, ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa Abdullahi ɗan Mubarak yana lissafa isnadi cikin addini, domin in babu shi kowa sai ya faɗi abin da ya ga dama. Mai ruwayar da ba a san ko wane ne ba, sunansa majhuli, kuma ba a kafa hujja da maganarsa.

To, a yau duk mai riƙe da waya ya zama mai ruwaya. A da labari sai ya bi ta hannun edita kafin ya fito a jarida ko a rediyo. Yanzu kuwa mutum na zaune a Gusau zai sa wa Facebook ko WhatsApp murya ko hoto, ya ce an tare hanyar Tsafe, ko an kai hari wani ƙauyen Bunguɗu, ba sunansa, ba rana, ba wanda ya gani da ido. Idan ƙarya ce, kasuwa ta watse a banza, iyaye sun kwana da fargaba. Idan kuma irin wannan ta yawaita, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo ba mai kula shi, matafiya su faɗa hannun 'yan bindiga.

Alƙur'ani mai girma bai bar wannan babi ba. Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta zargi masu gaggawar yaɗa labarin aminci ko na tsoro, ta yi umurni a mayar da shi ga Manzo da majiɓinta al'amari, waɗanda ke iya tantance shi. Muslim ya ruwaito cewa an taɓa bazawa a Madina wai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya saki matansa. Sayyidina Umar bai tsaya jin ta bakin jama'a ba, ya tafi ya tambaye shi, sa'an nan ya tsaya a ƙofar masallaci ya ɗaga murya ya ƙaryata zancen. Ya bincika tukuna, kuma ya yi magana a fili, kowa ya san mai ita.

Mutanen Zamfara sun ɗanɗana rashin labari gaba ɗaya. A farkon Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta sa aka rufe layukan waya a jihar bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a yanke tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Sai 1 ga Oktoba aka buɗe na Gusau. Ciniki ya tsaya, dangi suka kasa jin juna. Ashe jama'a ba ta iya zama ba labari. Abin da take bukata shi ne labari mai isnadi.

Saboda haka wajibi ne mai aika labari ya bayyana abu uku: ko shi wane ne, daga wa ya ji, kuma yaushe abin ya faru. Wanda aka aiko wa ya dubi waɗannan, in ya rasa su ya kame hannunsa. Hukuma kuma, tun da gare ta aka ce a mayar da al'amari, haƙƙi ne a kanta ta faɗi gaskiya da wuri, domin inda ta yi shiru nan majhuli ke samun masu saurare.

Allah Ya tsare harsuna da yatsu daga abin da ba su da sani a kansa, amin.