Darasin Fasaha: A Duba Hanyoyin Allon Lantarki Kafin a Buga Shi

'Yan'uwa ɗalibai, idan muka leƙa cikin rediyo ko fitilar sola a shagon masu gyara a Gusau ko Tsafe, za mu ga koren allo mai siraran layukan tagulla. Ta nan wuta ke bi. Layi ɗaya ya katse, na'ura ta tsaya. Biyu su haɗe ba bisa ƙa'ida ba, tana iya ƙonewa.

Injiniya yakan fara da zanen tsari, mai nuna wace ƙafa ke haɗe da wace, sannan ya shimfiɗa allon a kwamfuta. Dole biyun su dace. Ga yadda za mu tabbatar a KiCad, manhajar kyauta da Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992:

1. Mu danna F8 don allon ya ɗauko duk canjin da aka yi a zanen.
2. Mu nemi siraran zaren da manhajar ke ja tsakanin ƙafafu. Kowane zare haɗi ne da ba a shimfiɗa masa tagulla ba tukuna.
3. Mu kunna binciken DRC, mu zaɓi a gwada allo da zane. Zai lissafo ƙafar da aka bari a sake da layukan da suka haɗe.

Amma mu lura: manhaja gwadawa kawai take yi. Idan tun a zanen aka juya ƙafafun ƙwan LED, allon zai tsallake bincike, fitila kuwa ba za ta kama ba. Don haka mu ba abokin karatu ko malamin fizis zanen ya duba. Gyara a kwamfuta kyauta ne, amma allon da aka riga aka buga sai dai a sake biyan kuɗi.